Manhajojin taimaka wa masu sankarar huhu

Manhajojin taimaka wa masu sankarar huhu kayan aiki ne na waya ko intanet da majiyyaci ke amfani da su a gida don lura da lafiyarsa kafin ranar komawa asibiti. Wasu suna ƙirga takunsa, suna tsara masa tattaki da atisayen numfashi daidai ƙarfinsa, domin motsa jiki yana rage kasala da haki, musamman bayan tiyata.

Daga cikin waɗanda aka gwada sosai akwai Moovcare, wadda likitan sankara Fabrice Denis ya ƙirƙiro a Faransa. Kowane mako majiyyaci yana shigar da nauyinsa da abin da yake ji, kamar tari, zazzaɓi da rashin cin abinci. Da zarar amsoshin sun nuna alamar dawowar cutar, sai saƙo ya isa ga likitansa. Sakamakon gwajin da mujallar JAMA ta buga a 2019 ya nuna tsaka-tsakin rayuwar masu amfani da ita wata 22.5 ne, waɗanda ba su yi amfani da ita ba kuwa wata 14.9. Wannan tazara babba ce, kodayake mutanen da aka gwada ba su da yawa. A 2020 inshorar lafiyar Faransa ta fara biyan kuɗinta.