Tunawa da Faɗuwar Jirgin Gwamna Danbaba a Yola

Yau so nake mu waiwayi wani lamari da mu Hausawa mazauna Nassarawo da kewayen Jimeta ba za mu manta ba.

Ranar Alhamis 25 ga Oktoba 2012, jajibirin Babbar Sallah, Gwamnan Taraba Danbaba Suntai ya taso daga Jalingo cikin ƙaramin jirgi ƙirar Cessna 208, kuma shi da kansa yake tuƙi. Almuru ta yi masa a sama, jirgin ya faɗi a daji kafin ya kai filin jirgin Yola. Ba a rasa rai nan take ba, amma gwamnan ya bugu ƙwarai a ka. Daga Yola aka kai shi Abuja, sannan Jamus, sannan Amurka.

Hukumar binciken haɗarin jiragen sama ta gano cewa lasisinsa bai kai na tuƙa irin wannan jirgi ba, kuma ba shi da shaidar tuƙi da na'ura idan ido ya daina gani. Abin tambaya a wurina shi ne, wa zai iya ce wa gwamna kada ya tashi?

Taraba ta sha rikicin mulki a dalilin wannan tafiya. Garba Umar ya riƙe jihar har Nuwamba 2014, lokacin da Kotun Ƙoli ta dawo da Sani Abubakar Danladi. Danbaba bai warke ba har rasuwarsa a Amurka ranar 28 ga Yuni 2017.

Allah ya kiyaye mana matafiyanmu, na sama da na ƙasa, amin.