Yadda Hoton Asibiti Ya Fara Tafiya Ya Bar Mai Shi a Gida

Duk wanda ya taɓa jinya a kudancin Kano ya san babbar ambulan ɗin nan mai ruwan ƙasa. A ciki ake zura hoton ƙirji ko na karaya, a ce da 'yan'uwan majinyaci su kai Kano a duba. Daga Yako ko Bebeji abin da dama-dama. Mutumin Doguwa kuwa sai ya ratsa dajin Falgore, ya wuce Tudun Wada, ya ɓullo Kwanar Ɗangora, kafin ya miƙi titi zuwa Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Ƙwararrun likitocin karanta hoto kaɗan ne, kuma a manyan birane suka taru.

Matsalar ba yau ta fara ba. Tun da Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ke ratsa jiki a Jamus a 1895, hoto ya kasance fim ne da ake wankewa a ɗaki mai duhu, a shanya, a ɗauka a hannu. Sai a 1948 aka aika hotuna ta wayar tarho daga West Chester zuwa Philadelphia a Amurka, tazarar kilomita kusan 38. A 1959 Albert Jutras ya yi irin wannan gwaji a Montreal ta Kanada. Duka dai gwaji ne mai tsada, hoton kuma ba ya isa garau.

Kwamfuta ce ta sauya lissafin. Na'urar CT ta Godfrey Hounsfield, wadda aka fara amfani da ita kan majinyaci a Landan a 1971, tun asali lambobi take fitarwa, kuma lambobi suna bin waya. Sai dai kowane kamfani da nasa tsarin, na'urar wannan ba ta karanta hoton waccan. Ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka da ta masu ƙera na'urori suka fitar da ƙa'ida guda a 1985, wadda ta zama DICOM a 1993.

A nan ne gundarin labarin yake. Fayil ɗin DICOM yana tafe da sunan majinyaci, lambar katinsa, ranar da aka ɗauka, da sashen jikin da aka haska. Yana riƙe da dubban matakan haske da duhu, ta yadda likita zai murza ya ga ƙashi, ya sake murzawa ya ga huhu. Ma'aikacin ɗaukar hoto ya tabbatar da suna, ya tura rumbun ajiya da ake kira PACS, hoton ya shiga layi, na gaggawa a gaba. Can nesa likita ya shiga da lambar sirrinsa, ya duba a kan allo na musamman, ya kwatanta da tsohon hoto in akwai, ya rubuta sakamako ya sa hannu. In ya ga jini a ƙwaƙwalwa, ba ya jiran takarda, waya yake ɗagawa. Da wannan tsari ne, a farkon shekarun 2000, asibitocin Amurka suka riƙa tura hotunan dare zuwa Sydney da Bangalore, inda rana take tsaka. Dakta Arjun Kalyanpur ya kafa irin wannan kamfani a Bangalore a 2002.

Amma an tsara DICOM ne don cikin katangar asibiti, lokacin da ba a tunanin ɓarayin intanet. A 2019 kamfanin Greenbone na Jamus ya gano ɗaruruwan rumbunan hotuna a ƙasashe sama da 50 a buɗe, da bayanan miliyoyin majinyata, kowa na iya leƙawa. Shi ya sa tsari na ƙwarai yake rikita bayanai a kan hanya yadda babu mai warware su sai mai mabuɗi, yake ba kowane ma'aikaci iya abin da ya shafe shi, yake kuma rubuta wanda ya buɗe hoton wane da ƙarfe nawa.

Najeriya ta gwada tata sa'ar. Bayan harba tauraron NigComSat-1 a 2007, an haɗa asibitocin koyarwa na Ibadan da Maiduguri da wasu cibiyoyin lafiya na tarayya don duba marasa lafiya daga nesa. Tauraron ya mutu a Nuwamba 2008.

Abin da ya iso ƙauye da gaske shi ne wayar hannu. Ma'aikaci ya ɗaga fim a jikin taga, ya saita waya, ya ɗauka, ya tura wa wani likita da ya sani ta WhatsApp. Babu mai raina wannan, domin ya hutar da mutane tafiya, ya kuma nuna wanda ya kamata a garzaya da shi. Sai dai manhajar tana matse hoto, siririyar tsagewar ƙashi tana iya ɓacewa, inuwar ƙarfen taga ta shigo tsakiyar huhu. Hoton kuma ya zauna a waya tare da na biki da na suna, sunan mai shi a kusurwa, wayar tana yawo hannun yara da masu caji. Matar da aka ɗauki hoton cikinta ba ta amince da haka ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta rufe sirrin majinyaci, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman.

Tarin fuka ne ya kawo sabon salo. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da manhaja wajen tantance hoton ƙirjin 'yan shekara 15 zuwa sama, kuma ƙungiyar KNCV ta yi aiki a Kano da motoci masu na'urar hoto da irin wannan manhaja. Cikin ɗan lokaci take ba da maki, wanda nasa ya haura a karɓi kakinsa a gwada. Iyakarta ke nan. Wanda ya faɗi a babur a hanyar Falgore, ko tsohuwar da ɓarin jikinta ya shanye a Kiru, har yanzu likita suke buƙata. Kafin asibitin Tudun Wada ko na Doguwa ya dogara da likitan nesa, sai ya samu na'ura mai fitar da hoto kai tsaye a kwamfuta, da wutar sola da za ta riƙe ta, da layin intanet mai ɗaukar manyan fayiloli, da yarjejeniya a rubuce kan wanda zai karanta hoton ƙarfe biyun dare.