Makauniyar da Ta Bai wa Masu Ido Waƙa

Wata Lahadi da yamma ina gabatar da shirin zaɓi-sonka a gidan rediyon da nake aiki a Maraɗi, sai wata dattijuwa ta bugo waya. Ta ce ita makauniya ce, tana son in sa mata wata waƙar coci ta Hausa. Na duba, ba mu da ita. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri." Ta ce ba komai, sai ta ɗauko waƙar da kanta, ta rera baiti biyu a waya, murya tsaye babu gargada. Kafin ta ajiye ta ce, "Ɗana, ai wadda ta yi waƙar ma ba ta gani." Wannan magana ce ta sa na bi sawun tarihin Fanny Crosby.

An haife ta a jihar Niyok ta Amurka ranar 24 ga Maris 1820. Ita da kanta ta ba da labarin cewa tana da sati shida idonta ya yi ciwo, aka shafa mata wani magani mai zafi, daga nan ba ta sake gani ba. Mahaifinta ya rasu tun ba ta cika shekara ba, uwarta ta shiga aikatau, kakarta ce ta riƙe ta. Tun tana ƙarama ake karanta mata Littafi Mai Tsarki tana haddacewa sura bayan sura. A 1835 ta shiga makarantar makafi ta birnin Niyok, inda daga baya ta zama malama. A 1858 ta auri Alexander Van Alstyne, makaho mai kiɗa. Sun sami haihuwa sau ɗaya, abin da aka haifa bai zauna ba.

Sai da ta haura shekara arba'in, a 1864, ta fara rubuta waƙoƙin ibada gadan-gadan tare da mawallafi William Bradbury. Kafin rasuwarta ranar 12 ga Fabrairu 1915 ta yi waƙoƙi fiye da 8,000. Saboda yawansu, mawallafa suka riƙa fitar da wasu da sunayen aro, don kada littafi guda ya cika da sunan mutum ɗaya. Ba ta rubutawa da hannu. A ka take tsara waƙa, ta gyara ta a ka, sannan ta yi wa wani shifta. A 1873 ƙawarta Phoebe Knapp ta kaɗa mata wani sabon sauti, ita kuma ta ɗora masa kalmomi, aka sami Blessed Assurance, wadda har yau ake rerawa a harsuna da dama.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne jigon waƙoƙin. Na zaci zan tarar da koke-koke da roƙon a buɗe mata ido. Sai na ga yawancinsu tabbaci ne da godiya da neman kusanci da Ubangiji, da sa ran ganin fuskar Yesu a ranar gobe. Ba ta yi wa kowa alkawarin cewa imani zai kawar da nakasa ba. Abin da ta nuna shi ne mutum zai iya tsayawa gaban Mahaliccinsa cikakke, ko da ido ko babu. Ga wanda aka sha gaya wa cewa lalurarsa alhaki ne ko ƙarancin imani, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Waƙa kuma ba ta bukatar ido. Wa'azi a takarda sai mai gani kuma mai ilimi, amma waƙa da kunne ake ɗaukarta, amshi ya dasa ta a zuciya. Idan jama'a suka miƙe rerawa, makaho da mai ido, gurgu da mai ƙafa, muryarsu ɗaya ce. Sau da yawa ma makahon ne ke jan baiti, domin shi ya haddace, saura suna laluben shafi. Ira Sankey, mawaƙin da ya yaɗa waƙoƙinta a tarurrukan mai wa'azi Dwight Moody a Amurka da Ingila, shi ma ya makance a ƙarshen rayuwarsa, waƙoƙin da ya koya wa dubban mutane suka rage masa a ka.

Ta hannun ƴan mishan irin waɗannan waƙoƙi suka iso ƙasar Hausa. Ƙungiyar SIM ta fara aiki a Damagaram a 1924, kuma Littafin Waƙoƙi na Hausa da ake riƙewa a majami'un Nijar da Najeriya yana ɗauke da fassarar waƙoƙi da yawa na wancan zamani. Mu Hausawa wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Malam Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, kuma Imfirajinsa ya shiga gidajen Musulmi ta kunne kafin ya shiga ta takarda. Addini daban, amma dukansu sun ba masu ido abin da za su riƙe.

Duk da haka har yau idan aka haifi yaro makaho a garuruwanmu, abin da ake fara miƙa masa sanda ce da ƙoƙon bara. Crosby ta sami kaka mai haƙuri da makarantar da ta karɓe ta. Da ba ta samu ba, da waƙoƙi 8,000 sun mutu a bakin titi.

Lahadin da ta biyo baya na nemo waƙar na sa wa Inna. Ta bugo ta yi godiya, sannan ta ce mawaƙan sun tsallake baiti na uku. Na buɗe littafi na duba. Gaskiyarta.