Daga Shagon Mai Magani Zuwa Ɗakin Bincike

A unguwar Madinat Nasr, gabas da tsohon birnin Alƙahira, Jami'ar Azhar take da sashenta na koyar da haɗa magunguna. Wannan sashe yana cikin waɗanda aka buɗe bayan dokar 1961, wadda ta shigar da ilmin zamani cikin jami'ar. Amma sanin itatuwa a Masar ya girmi unguwar da ƙarnuka masu yawa.

A ƙarni na 13 Sarki Alkamil ya naɗa wani malami mutumin Andalus, Ibn Baiɗar, shugaban masu maganin itatuwa na Masar. Kafin rasuwarsa a Dimashƙa cikin 1248, ya bar littafi mai bayanin magunguna da abinci wajen 1,400. A ciki ya ambaci wani tsiro da ake kira aɗrilal, wanda mai ciwon albaras, watau farar tabon fata, yakan sha 'ya'yansa sa'an nan ya zauna a rana.

Masu magani a kasuwannin Masar suka ci gaba da sayar da garin tsiron, ko da yake wanda ya wuce kima fatarsa takan ƙone. A 1947 masana biyu na Alƙahira, Fahmi da Abu Shadi, suka tace sinadarin da ke aikin. Bayan shekara ɗaya likita Abdul Mun'im Almufti ya gwada shi kan marasa lafiya, ya ga launin fata yana komowa. A 1974 likitocin Amurka suka haɗa shi da hasken wata fitila ta musamman don wani ciwon fata dabam.

Abin lura shi ne, maganin ya kai ga asibiti domin an rubuta shi, daga baya kuma an auna shi. A ƙasar Hausa akwai sabara da marke da filasko da ɗaruruwan irinsu. Likita Dalziel ya tattara sunayensu na Hausa a 1916, amma yawancin yadda ake haɗa su yana ƙirjin tsofaffi. Ɗaliban Hausa da ke karatu a Azhar suna da abin koyi a gabansu, gama duk tsohon da ya rasu ba a rubuta saninsa ba, ya tafi da shi kabari.