Daga Hannun Maɗori Zuwa Asibitin Dala

Tun kafin zuwan Turawa Bahaushe yana da maɗori. Sana'a ce ta gado: a ja ƙashi ya koma mazauninsa, a jera karare a ɗaure, a yi tofi. Karaya da targaɗe da gocewar ƙashi duk aikinsa ne. Amma ciwon gwiwa da ƙugu da kan kama mutum in ya ba arba'in baya, sai aka kira shi sanyi ko amosani, aka bi shi da jiƙe-jiƙe.

A 1959, zamanin da Sardauna ke Firimiyan Jihar Arewa a nan Kaduna, aka buɗe Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. A 1979 Gwamnatin Tarayya ta haɗa shi da na Igbobi a Legas da na Inugu ƙarƙashin hukuma guda. Da taimakon hoton ƙashi, wanda aka gano a Jamus a 1895, likitoci suka nuna wa majinyata abin da hannun maɗori ba ya kaiwa: guringuntsin gaɓa ne ke zaizayewa, har ƙashi ya riƙa gugar ƙashi.

Duk da haka, har yau magidanci a Kawo ko Unguwar Rimi yakan kai irin wannan gwiwa wajen ɗori, ya ɓata lokacin da rage ƙiba da motsa jiki da ganin likita za su amfane shi. Jama'a, abin da bai karye ba, ai ba a ɗora shi.