Likitocinmu Da Hanyar Jidda

A watan jiya ne muka raka ɗan ajinmu filin jirgin Malam Aminu Kano, watau likitan ƙashin nan da muka tashi layi ɗaya da shi a Gyaɗi-Gyaɗi. Ya sami aiki a Saudiyya. Wani daga cikinmu har da zolaya, wai Likita ya bar Dala ya bi dala. Aka yi dariya, ni kuwa ban yi ba, domin shi ne ya yi wa mahaifina aiki a ƙugu lokacin da ya faɗi, bayan mun ɓata wata biyu wajen mai ɗori.

To, wannan hanya ba shi ya fara bin ta ba. Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ce ta buɗe Asibitin Ƙashi na Dala a 1959, daga baya Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi. A wancan zamani ɗan Arewa kan je Ingila ya yi karatu ya dawo gida, don kuwa albashinsa na riƙe shi. Har zuwa 1985 naira ta fi dalar Amurka daraja. Da Janar Babangida ya kawo shirin tsuke bakin aljihu a 1986 sai naira ta karye, kafin 1989 ta ƙare dala ɗaya ta haura naira bakwai. Nan fa manyan likitoci suka yi ta kwarara Saudiyya, har gwamnati ta kafa kwamiti a 1988 don binciken dalilin gudun masana. Abin mamaki, a shekarar ce aka kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda yanzu yake nan bakin Titin Zariya, muna hangen katangarsa daga unguwa.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san abin da ke shigowa ƙarshen wata, saboda haka ban iya buɗe baki na ce masa ya zauna ba. Shekara shida ya yi a jami'a, ya ƙara wasu wajen shida kafin ya ƙware, ga iyali, ga ƙanne.

Baba dai har yau bai sani ba. Yana da ranar komawa a duba ƙugun bayan Sallah, kuma kullum sai ya tambaye ni, "Yaya ɗana Likita?"