Tarihin Biya Wa Juna Karatun Kemistiri a Ƙasar Wudil

Idan ana ba da tarihin ilmin kimiyya a jihar Kano, galibi sunayen gwamnoni da kwamishinoni da shugabannin makarantu ake kawowa, kuma lalle sun cancanci a ambace su. Amma akwai wasu malamai da gwamnati ba ta taɓa ɗauka aiki ba, sunansu kuma bai shiga fayil ɗin kowace ma'aikata ba. Su ne ɗaliban nan da kan tsaya gaban allo bayan an tashi daga aji, suna biya wa 'yan'uwansu darasin kemistiri, wato ilmin sinadarai. Tarihinsu nake so mu waiwaya, 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai da iyayenmu malamai, domin da wuya a samu ɗayanmu da bai ci moriyarsu ba.

Lokacin da aka ƙirƙiro jihar Kano a 1967, babbar matsalar da ta fuskanta ita ce ƙarancin 'yan ƙasa likitoci da injiniyoyi da malaman kimiyya. Wannan ne ya sa a 1977, zamanin Gwamna Kanar Sani Bello, Dokta Ibrahim Ayagi yana Kwamishinan Ilmi, aka kafa makarantun sakandaren kimiyya guda biyu, ɗaya a Dawakin Kudu nan kusa da mu, ɗaya a Dawakin Tofa, aka kuma ba su hukuma tasu ta kansu. Ana zaɓo haziƙan yara ta hanyar jarrabawa bayan sun gama aji biyu na sakandare, su yi shekara uku suna karatun kimiyya gadan-gadan. Rukunin farko sun kammala a 1980, a 1981 kuma aka buɗe ta 'yan mata a Taura, wadda ta faɗa jihar Jigawa a 1991. Daga baya maƙwabtanmu Gaya da Garko su ma suka samu nasu. Farfesa Abdalla Uba Adamu a kan shekaru goma na farko na waɗannan makarantu ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Sussex ta Ingila a 1988.

Ita kuwa Wudil tun kafin wannan lokaci garin karatu ce, domin tana da kwalejin horon malamai da makarantar koyon sana'a, inda Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ya yi karatu yana yaro. Saboda haka da iskar kimiyya ta kaɗo, makarantun ƙasar Wudil ba su yarda a bar su a baya ba, ko da yake ba su samu gatan da makarantun musamman suka samu ba.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa kemistiri ya fi sauran darussa tara ɗalibai wuri ɗaya? Dalili shi ne matsayinsa kamar na gadar Wudil ne, wadda mai fita daga Kano zuwa Bauci ko Borno sai ya hau ta. Tun bayan kafa hukumar JAMB a 1978, mai son likitanci da mai son haɗa magunguna da mai son injiniya da mai son aikin gona duk a kan kemistiri suke haɗuwa. Ga shi kuma darasi ne mai fuska uku: akwai hadda, akwai lissafi, akwai aikin hannu a ɗakin gwaje-gwaje. Da wuya a samu yaron da ya haɗa ukun nan. Mai ƙarfin hadda kan rikice in an zo lissafin mol, gwanin lissafi kuma hannunsa ya yi ta rawa in ya riƙe fifet. Dole kowa ya nemi ɗan'uwansa.

Dalili na biyu shi ne tarihin malaman kansu. A shekarun 1970 da farkon 1980 yawancin masu koyar da kimiyya a Arewa baƙi ne daga Indiya da Pakistan da Filifin da Masar da Gana. Korar baƙin da gwamnatin Shagari ta yi a 1983 ta tafi da 'yan Gana masu yawa, sannan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, albashin da baƙo kan aika gida ya zama ba ya tsinana komai, sauran ma suka yi ta haɗa kayansu. 'Yan bautar ƙasa, waɗanda aka fara turowa tun 1973, sun taimaka ƙwarai, sai dai shekara ɗaya suke yi su wuce. Malamanmu 'yan ƙasa da suka tsaya, Allah ya saka musu da alheri, sau da yawa mutum ɗaya ne ke ɗauke da ajujuwa da dama. A daidai wannan hali ne kuma tsarin 6-3-3-4 ya kai ga jarrabawarsa ta farko ta babbar sakandare a 1988, sannan NECO ta fara tata a 2000. Wannan giɓi shi ɗalibai suka cike da kansu.

Yadda abin yake tafiya kuwa, yayyenmu sun ba mu labari, mu ma da muka yi sakandare bayan 2000 mun tarar da shi. Bayan sallar Isha'i, a lokacin firef ko bayansa, mutum biyar ko shida kan kewaye fitilar ƙwai da littafi ɗaya. Na gaba da mu littafin Holderness da Lambert suka sani, mu kuma na Ababio, wanda kan yi yawo hannu-hannu har bangonsa ya fita a ɗinke shi da zare. Ana raba babi-babi, kowa ya je ya narke a kan nasa ya dawo ya koya wa sauran. Sinadarai ashirin na farko a jadawali, daga haidurojin zuwa kalsiyam, ana haddace su ne ana karɓa wa juna kamar tilawa. Idan jarrabawar aikin hannu ta matso, wanda ya iya sai ya riƙe hannun wanda bai iya ba, ya nuna masa yadda ake sakin asid ɗigo-ɗigo daga biret har ruwan da ke ƙasa ya sauya launi, a maimaita sau biyu ko uku sai lissafin ya daidaita.

Babban abin da waɗannan ƙananan malamai suka kawo shi ne bayani da Hausa da misalan gida. A wurinsu muka gane cewa tsamin lemo da na tsamiya da na nonon da Fulani ke kawowa kasuwar Juma'a duk asid ne, kanwa da ruwan toka kuwa kishiyoyinsa ne. A matsa lemon tsami a zoɓo ya ƙara ja, a jefa kanwa ya yi duhu ya juya kore-kore, shi ke nan an fahimci sinadarin da ke nuna alama. Ƙyallen da marinan Ƙofar Mata ke tsamowa daga ruwan baba yana kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi, da shi aka warware mana aikin iskar oksijin. Abin da Turanci ya ɗaure, Hausa ta kwance shi.

Wannan al'ada ba daga littafin boko aka ɗauko ta ba. A tsangaya gardi ne ke biya wa ƙolo da titibiri, a zauren ilmi kuma ɗalibai kan zauna muraja'a bayan malam ya tashi. Su ma Turawa ta irin wannan hanya suka bi: Andrew Bell ya tsara koyarwar yaro ga yaro a Madaras ta Indiya ya wallafa bayaninta a 1797, Joseph Lancaster kuma ya buɗe makaranta mai irin wannan tsari a Landan a 1798, duk saboda ƙarancin malamai. Abin da su suka rubuta a littafi, mu a gida muka tashi muka gan shi.

Amfanin abin ya bayyana. Lokacin da aka buɗe jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil a 2001, wadda aka sa wa sunan Alhaji Aliko Dangote a zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, jihar Kano ta riga ta tara 'ya'yanta masu digiri a fannonin kimiyya. Kuma duk wanda ya duba abokan ajinsa zai lura cewa waɗanda suka fi koyar da wasu su ne karatun ya fi zauna wa, domin mai biyawa sau biyu yake karatu.

Sai dai a yau wannan gado yana fuskantar barazana. Mai hali ya kai ɗansa darasin kuɗi, marar hali ya zuba ido, ga kuma satar amsa da wasu ke kira taimako. Tsakanin biyun akwai rata mai faɗi. Wanda ya koya maka lissafin mol ya ba ka jari, wanda ya miƙo maka amsa a ɗakin jarrabawa kuwa ya haƙa maka ramin da za ka faɗa a shekarar farko ta jami'a, ko ma a gaban marar lafiya.

Don haka ina ba ƙungiyarmu shawara uku. Mu sayi biret da fifet da littattafai mu kai makaranta. Likitocinmu da injiniyoyinmu da masu haɗa magunguna su ba da ko da Asabar ɗaya a kowane zango su zauna da ƙannenmu. Sannan a ranar ba da kyaututtuka, bayan kyautar wanda ya zo na ɗaya, a ware wata ga ɗalibin da 'yan ajinsa suka shaida ya fi kowa koya musu. Allah ya jiƙan malamanmu da abokanmu da suka riga mu, ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya, amin.